Ƙafar da Yaya Ya Yi wa Inna

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kama sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, ni ce auta. A gidanmu na unguwar Gidan Dahala a Sakkwato, in za ta yi zancensa sai ta ce "wancan", ta ɗan karkata kai wajen ƙofa, kowa kuma ya gane. Tana yaye shi Goggo, ƙanwar babanmu, ta ɗauke shi, a hannunta ya girma. In ya zo gaisuwa, a bakin ƙofar ɗaki yake durƙusawa, Inna ta juya fuska wajen bango ta amsa ciki-ciki. In tana tsakar gida ta ji sallamarsa daga zaure, kafin ya shigo ta riga ta shige ɗaki ta zauna. Kunyar ɗan fari ke nan yadda ta gada wurin uwarta, kuma duk unguwarmu ba wadda ta riƙe ta kamar Inna.

Ni kuwa ba abin da ba na faɗa mata. Ina hawa gadonta, in cinye naman miyarta, in kira ta tsohuwa mai rigima. Saboda haka tun ina yarinya na zama 'yar aike tsakaninsu. Suna iya jin numfashin juna, amma sai ta ce, "Auta, tambayi wancan ko ya ci abinci." In juya in tambaye shi, ya amsa, in juyo in faɗa mata abin da kunnenta ya riga ya ji. A da abin dariya yake ba ni.

Yaya ya daɗe yana gyaran injuna a kamfanin siminti na Kalambaina. Daga baya ya sami ƙarin karatu a waje, ya dawo da wani sabon hauka: na'urar da ke gina abu da narkakkiyar roba. Ya kama shago bayan wani garejin makanikai, yana yi wa mutane ƙananan kayan inji da suka ɓace a kasuwa. Na'urar kamar akwati take. Tana da ɗan tsinin baki da ke fitar da roba siririya kamar taliya, yana zagayawa yana ɗora sahu bisa sahu har abin ya tashi. Ranar da na fara gani na ce masa, "Yaya, duk karatun nan ashe murza taliya ka koyo." Ya yi murmushi kawai. Yaya ba mai yawan magana ba ne, a nan ya biyo Inna.

Ciwon suga ya daɗe tare da Inna. Garwashi ta taka a madafa, ba ta ma ji ba sai da ta ga wurin ya tashi. Daga ɗan yatsa abin ya yi ta hawa, aka yi na gida aka yi na asibiti, ƙarshe likitoci suka yanke ƙafar hagu ƙasa da gwiwa. Matar da ba ta taɓa fashin ziyarar Hubbare ranar Juma'a ba, matar da ba a suna ko biki a dangi ba ta je ba, sai ga ta a kan tabarma tana kallon ƙofa. Sandunan da aka ba ta a asibiti ta sa aka jingine su bayan randa. Da jan gindi take zuwa bayi, kuma ba ta yarda a kama ta. Ta daina yi mini faɗa, wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Wata Juma'a Yaya ya durƙusa a inda ya saba, ya ce mini, "Ki ce ma Inna zan yi mata ƙahwa."

Na faɗa mata. Ta ci gaba da jan carbi, can ta ce, "Ki ce mai Allah shi ba da sa'a."

A hanya ya yi mini bayani. Ƙarfen ƙafar da tafin ana sayensu, wani abokinsa mai aikin gaɓoɓin roba zai haɗa masa. Abin da ba a saye shi ne ƙoƙon da dungun zai zauna ciki, don kowane dungu da irin surarsa. Wannan ne Yaya zai gina da na'urarsa. Amma sai an auna, kuma kowa ya san Inna ba za ta buɗe ƙafarta gaban Yaya ba, balle gaban abokinsa. Ni aka koya wa. Ya ba ni wata 'yar na'ura mai ido, na shiga ɗaki na saki labule, ina zagaya dungun da ita, shi yana tsakar gida da kwamfuta a cinya yana cewa, "Koma baya kaɗan. A hankali. Ɗaga sama." Inna ta rufe fuska da gefen mayafi tana cewa, "Wagga rayuwa. Yau ni aka ɗauka hoto kamar shanun sayarwa." Ranar ce ta fara yin dariya tun bayan aikin.

Na je shago ranar da ƙoƙon ya fito daga akwatin. Ban gane shi ba, don duk jikinsa wasu siraran tsinkaye ne na roba, ciki da waje. Yaya ya ce matokarai ne. Akwatin daga ƙasa zuwa sama kawai ya iya gini, bakinsa kullum ƙasa yake kallo. Duk inda abu ya lanƙwasa ya fito gefe, robar ba ta da abin zama, sai ta zube. Don haka na'urar ke gina masa matokarai, kamar yadda magina ke tokare rufin kankare da katako kafin siminti ya kama. In an gama sai a ɓalle su. Ya sa filaya yana ɓallewa ina kallo, kuma duk wanda ya ɓalle sai ya bar ɗan tabo mai kaushi. Mafi yawansu a ciki suke, daidai inda ƙoƙon ya lanƙwasa zai rungumi ƙasan gwiwa.

Ya goge su da samfefa har yatsunsa suka yi fari, ya shimfiɗa soso mai laushi a ciki. Ni da na shafa ban ji komai ba. Shi ya shafa ya ɓata fuska.

"Wagga ta wucin gadi ta," in ji shi. "Mai suga ko ƙwarzane bai kamata shi samu ba. Ta gaskiya tana nan tahe."

Ya nuna mini kusurwar shagon. Wani ƙaton hannun ƙarfe ne mai gaɓoɓi, an kafe shi a siminti, fentinsa ruwan lemo duk ya goge. Hannun walda ne na wata masana'anta da ta rufe, ya sayo shi a kayan kwance. Ya ɗaura masa bakin fitar da roba, a gabansa kuma ya girka wani faifan ƙarfe da ke juyawa yana karkata. Dabarar ita ce, maimakon a tokare abu, sai a juya shi. In gini ya zo lanƙwasa, faifan ya karkata, hannun ya sunkuyo ta gefe, yadda kowane sabon sahu zai sami na ƙasansa ya zauna a kai. Ba matokari, ba abin ɓallewa, ba tabo. Matsalar kawai, har lokacin hannun da faifan ba su koyi tafiya tare ba.

Aka kai wa Inna ta wucin gadi. Ni na sa mata safa, na ɗaura mata, ta dafa kafaɗata ta miƙe. Ta tsaya tana kallon ɗakinta daga sama kamar baƙuwa. Ta ce, "Ashe haka bisan kwabat ɗin ga yay yi ƙura, ba wanda yag goge." Na fashe da kuka, ita kuma ta ci gaba da faɗan ƙura. Yaya yana zaure, sai da na je na ba shi labari.

Ba a daɗe ba ta fara tafiya da sanda guda. Daga nan kuma ba a sake samunta a gida ba. Juma'a tana Hubbare. Suna a Mabera, tana can. Gaisuwar rasuwa a Runjin Sambo, ita ce a gaba. Na ce mata, "Tsohuwa, ƙafar nan fa ba mota ba ce." Ta ce in rufe mata baki, zaman da ta yi ya ishe ta har lahira. Asibiti kuwa ta ce ta gama da shi, warinsa kaɗai na tayar mata da zuciya. Wankanta ita ke yi, safarta ita ke wankewa, ni kuma ina gidan mijina, sai da rana nake leƙowa. Na ga tana ɗan jingina jiki gefe guda in tana tafiya, amma ban taɓa ganin mai ƙafar roba kusa ba, na ɗauka haka kowa ke yi.

Duk Juma'a da yamma Yaya zai durƙusa ya ce, "Tambayi Inna ko akwai inda ka yi mata zahi."

"Ki ce mai lahiya lau."

"Tambaye ta ko wurin ya yi ja."

"Ki ce mai nac ce lahiya lau."

Sau da yawa ya roƙa ta tashi ta ɗan taka ya gani, ko daga ƙofa zuwa randa. Ya ce da ganin tafiya ake gane inda ƙoƙo ke cizo. Inna ta dube ni kamar na zage ta. "Ni in tashi in yi ta taku gabanai shina kallo na? Allah shi sawwaƙe. Ki ce mai ƙahwa ta yi." Yaya ya sunkuyar da kai, ya yi sallama ya tafi.

Na sha zuwa shagon a watannin nan. Na ga hannun ya kai wa faifan karo har bakin ya karye. Na ga gini ya kai rabi lafiya, wuta ta ɗauke, kafin janareta ya tashi robar ta sandare, aikin yini ya tafi a banza. Da bazara ta kama, zafin Sakkwato ya shiga shagon, sahun ƙasa ba ya saurin bushewa, sai ƙoƙon ya langaɓe kamar tuwon da bai nuna ba. Ya sayo fanka ya ɗaura wa hannun. A bayan ƙofa akwai buhu cike da ƙoƙunan da suka lalace, kowanne da surar dungun Inna. Ba na son kallon buhun nan.

Amma na ga ranar da abin ya fara yi. Hannun ya sunkuya a hankali, faifan ya karkata ya tarye shi, robar tana sauka tana zama daram a kan 'yar'uwarta, bangon ƙoƙon yana lanƙwasa a iska ba abin da ke riƙe da shi. Yaya yana tsaye ya harɗe hannu, ko ƙiftawa ba ya yi. Ya ce saura kaɗan, yana so ya gwada ƙarfinsa ya tabbatar ba zai tsage ba.

A cikin wannan zafin ne na shiga ɗakin Inna wata hantsi na same ta kwance, jikinta kamar wuta. Kafin in kai gadon wari ya tare ni. Ƙafar tana jingine a bango. Na ɗaga zanen, ta kai hannu za ta hana ni, ba ƙarfi. Safar ta manne da nama. Ƙasan gwiwa, daidai inda matokaran nan suka bar tabo, akwai rami, gefensa ya yi baƙi. Ta cusa masa auduga da wani garin magani.

Ban san na iya yi wa Inna tsawa ba sai ranar.

"Tun yaushe?"

"An kwan biyu."

"Don mi ba ki hwaɗa ba? Duk Juma'a ana tambayarki!"

"In ce mi?" Muryarta a ƙasa take. "In ce abin da yay yi bai yi ba? Ke kuma bakinki ba shi da murhi, da kin gani sai ki kai mai."

Na ce, "Inna, shi da bakinai yac ce ta wucin gadi ta. Gyara za shi yi."

Ta rufe ido. "Tun da nih haihe shi ban taɓa yi mai komi ba. Ban goya shi ya girma ba, ban kai shi makaranta ba. Abu guda yay yi min da hannunai. Shi za ni maida mai in ce shina ciwo?"

Haushi ya cika ni har na rasa wanda zan ji wa. Har yau in na tuna ina jin sa. Ina son Inna fiye da kowa a duniya, amma ranar da ina da ƙarfi da na girgiza ta.

A asibiti likita ya duba ya kira mu gefe, ni da Yaya. Ya ce ciwon ya ci ciki, sai an sake yankewa, wannan karon sama da gwiwa, kuma ba a son jinkiri. Yaya ya tambayi daidai inda ramin yake. Na nuna masa a jikin ƙafata. Ya dafa bango.

Da na faɗa wa Inna, tambaya ɗaya ta yi. "Sabuwar da wancan ka yi, in an yanke nan bisa, tana shiga?"

Na ce a'a, sai dai a yi wata.

"To ba a yankewa."

Likita ya yi magana, nas ta yi, Goggo ta zo da tsufanta ta yi, limamin unguwarmu ya aiko. Inna ta ce a wanke ciwon a sa magani, zai warke. Ta ce yaro ya yi wata da watanni yana wahala a kan abu, ba za ta sa ya zubar ba. Wato duk labarin shagon da nake ba ta tana yi kamar ba ta ji, ashe ba wanda ya wuce ta.

Yaya ya kawo sabon ƙoƙon asibiti a cikin leda, ya miƙo mini daga bakin ƙofa. Ya ce in nuna mata, in ce hannun ya riga ya koya, na sama da gwiwa ba zai ɗauki lokaci ba. Na ajiye mata a kan cinya. Fari ne, ba nauyi. Ta zura hannu ciki tana shafawa a hankali, ta bi gefe, ta bi lanƙwasar, ta koma ta sake bi. Ta daɗe tana yi.

"Sumul," in ji ta. "Ko ƙaya guda babu."

Ta rungume shi a ƙirji, ta juya wajen bango. Ta ƙi bayarwa, ta kuma ƙi sa hannu a yi aikin.

Kwanaki suka tafi a haka, zazzaɓi yana sauka yana dawowa. Wata safiya Yaya ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya tsallake bakin ƙofa, ya zo har gaban gadon, ya durƙusa, ya kama ƙarfen gadon da hannu biyu. Bai dube ni ba.

"Inna," ya ce. "Inna, don Allah. Roba ta. Ina iya yin ɗari. Ke ba ni iya yi."

Ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Ina ganin mayafin yana rawa. Can ta ce, daga ƙarƙashin mayafin, "Auta, ki ce mai shi tashi. Ki ce mai na yarda."

An yi aikin, amma ciwon ya riga ya shiga jini. Ba ta sake dawowa cikin hankalinta sosai ba. Ta rasu ranar wata Laraba bayan la'asar, ina riƙe da hannunta, Yaya yana tsaye a bakin ƙofa inda ya saba.

Bayan an share makoki, wata maƙwabciyarmu, ƙawar Inna tun suna amare, ta kira ni ta ce jikarta ta ɗauki wani bidiyo a waya ranar wani suna, ko ina so. Ta tura mini. Inna ce ke shigowa tsakar gidan sunan da sandarta, ta sha lalle, ta ɗaura zanenta mai ruwan goro. Tana tafiya tana gaisawa. Da ta zauna a kujera sai ta ɗan ja zanen sama, ta ƙwanƙwasa robar da zobenta, tana jira. Wata ta ce, "Hajiya, wagga daga Makka anka kawo ta?" Inna ta kawar da kai kamar ba ta ji ba. Ƙawarta ta amsa, "Wace Makka? Ɗanta na hwari yay yi ta da hannunai, nan cikin garin ga." Mata suka ɗauki salati. Inna tana kallon ƙasa, tana ta ƙoƙarin danne murmushi, ya ƙi dannuwa.

"Haka taka yi ko'ina," in ji maƙwabciyar. "Shi as sa ba ta zama gida. Ita ba ta iya hwaɗi, sai ta ƙwanƙwasa mu mu hwaɗa."

Na yi ta jujjuya abin a raina kafin in kai wa Yaya. Na same shi a shago da rana tsaka. Hannun yana aiki, yana gina ƙoƙon wani direba da ya rasa ƙafa a haɗari, don abokinsa ya fara turo masa mutane. Na Inna yana kan tebur, cikin ledarsa. Na miƙa masa wayar.

Na zaci wurin murmushin zai tsaya. Bai ma kai can ba. Tana shigowa, ta yi taku kaɗan, ya tsayar. Ya mayar baya, ya sake kallo. Ya sa yatsa a kan gilashin.

"Ga shi nan," ya ce. "Dubi kahwaɗarta. Tana gudun aza nauyi ga hagu. Nan ƙasan gwiwa na, ta ciki." Ya sake mayarwa. "Aikin yini guda na. Da na goge wurin, in ƙara soso, in ce ta huta sati."

Na ce, "Yaya, bari shi wuce gaba. Akwai abin da nika so ka gani."

Ya bari ya wuce. Ya ga ta ƙwanƙwasa robar, ya ji abin da ƙawarta ta ce, ya ga murmushin. Ya kalla har ƙarshe, sannan ya zauna a kan wani benci, wayar a hannunsa. A bayansa faifan yana karkata, hannun yana sunkuyowa.

"Ashe haka tahiyarta take," in ji shi. "Ban taɓa ganin ta tsaye ba."

Ya mayar da shi farko, inda take shigowa.